Yadda Ake Ba Jiki 'Yar Wahala Don Ya Yi Ƙarko Har Tsufa

A farkon shekarun 1950 wani likita a Landan mai suna Jerry Morris ya bi takardun lafiyar ma'aikatan sufurin birnin, mutum kusan 31,000. Bas-bas ɗinsu masu hawa biyu ne, kowace da direba da kwandasta. Direba yana zaune tun safe har a tashi aiki. Kwandasta kuwa wuni yake yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota. Da sakamakon ya fito a 1953, sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kashe su. Shi kansa Morris bai daina motsa jiki ba har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

A 1966 aka gwada abin ta ɗaya gefen a birnin Dallas na Amurka. Samari biyar 'yan shekara 20, lafiyarsu ƙalau, aka kwantar da su a gado mako uku ba tashi. Da suka sauko, ƙarfin zuciya da huhunsu wajen aiki da iskar oksijin ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan biyar aka auna su, sai aka tarar tsufan shekara talatin bai yi musu ɓarnar da kwanciyar mako uku ta yi ba.

Dalili shi ne jiki ba ya ciyar da abin da ba a amfani da shi, kuma yana ƙarfafa duk inda aka ɗan matsa masa. Masana suna kiran wannan hali homisis. Kowane manomi ya san shi a tafin hannunsa: ranar farko ta huɗa fartanya kan fitar masa da bororo, amma idan ya bi a hankali, kafin damina ta yi nisa hannun ya yi kanta. Wanda ya ƙi dakatawa ranar farkon kuwa, bororon zai fashe ya zama gyambo. A cikin jiki ma haka ne. Idan tsoka ta yi aiki har ta ɗan galabaita, ƙwayoyin halittarta sukan ƙara yawan mitokondiriya, wato 'yan injinan da ke mayar da abinci kuzari, su kuma ƙara sinadaran da ke gyara abin da ya lalace. Ƙashi yakan yi kauri a inda nauyi ke danna shi, abin da likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana tun 1892. Shi ya sa 'yan sama jannati, da ba sa ɗaukar ko nauyin jikinsu, suke rasa kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfin ƙashin ƙugu da ƙafa duk wata.

Sharaɗi uku ne ke raba wahalar da ke gina jiki da wadda ke rusa shi: ta zama kaɗan, ta zama mai ƙarewa, hutu kuma ya biyo bayanta. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan ukun suke tsaye. Ajali dai na Allah ne. Abin da ake nema shi ne mutum ya kai shekarunsa yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana shiga bayi ba tare da an riƙe shi ba.

## Mataki na farko: ka tantance ko wahala ta yi maka kaɗan ne ko ta yi yawa

Mukan ce wahala ba ta kisa. Tana yi. Wani bincike a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, wanda aka fitar a 2021 bayan bin mutum sama da 100,000, ya nuna motsa jikin da mutum ke yi a lokacin hutunsa yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwar wuri, amma aikin ƙarfi na neman abinci yana tafiya da ƙaruwarsu. Ba abin mamaki ba ne. Ɗan dako a kasuwar Dawanau, da mai tura kurar ruwa, da mai fasa dutse, suna aiki awa takwas ko goma zuciya na bugawa sama-sama, gobe kuma su koma tun jiki bai warware ba. Irin waɗannan, da uwar gidan da ke daka da ɗiban ruwa da itace kullum, abin da ya rage musu shi ne mataki na takwas, wato hutu da abinci da ruwa. Kada su ƙara wa kansu komai.

Jagoran nan na mai zaman ofis ne, da ɗan kasuwar da ke wuni a kan benci a shago, da tela, da direba, da ɗan adaidaita sahu, da matar da injin niƙa da famfo da 'yar aiki suka ɗauke mata komai, da dattijon da ya yi ritaya. Manomi ma yana shigowa da rani, lokacin da aka kai amfani gida aka koma zaman majalisa har ruwan farko.

Kafin ka fara, ka auna hawan jininka. Idan ya kai 140/90 ka ga likita, amma wannan ba ya hana tafiya a hankali, tafiyar ma tana cikin magani. Idan ya kai 180/110, kada ka fara komai sai an sauko da shi. Mai jin ciwon ƙirji idan ya yi sauri, ko haki yana zaune, ko kumburin ƙafafu, ko wanda ya taɓa suma, asibiti ne matakinsa na farko. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga da ƙarfi, ya riƙa fita da dabino a aljihu, ya sa takalmi mai rufi, ya duba ƙasan ƙafarsa duk dare. Mai sikila kuwa, zafi da sanyi da ƙishi da gajiya mai tsanani duk suna tayar masa da ciwo, saboda haka mataki na shida da na bakwai ba nasa ba ne, sauran ma sai da shawarar likitansa. Mai juna biyu ta yi tambaya a wajen awo.

## Mataki na biyu: ka auna kanka ka rubuta

Abu huɗu, duk a gida, da agogon waya kawai.

Ka jingina kujera mai ƙarfi marar hannu da bango. Ka zauna, ka rungume hannuwanka a ƙirji, ka ƙirga sau nawa za ka miƙe tsaye sosai ka koma zaune cikin daƙiƙa 30. Ga mai shekara 60 zuwa 64, namijin da bai kai 14 ba da macen da ba ta kai 12 ba suna ƙasa da tsararrakinsu. Sai ka tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, ka ga ko za ka kai daƙiƙa 10. A wani binciken Birazil da aka fitar a 2022 kan mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75, waɗanda suka kasa wannan sun fi saura yawan mutuwa a shekarun da suka biyo baya. Na uku, ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya a wuyan hannu da asuba kafin ka sauko daga gado. Na huɗu, ka tashi daga ƙofar gida ka yi tafiya iya saurinka minti shida, ka lura da inda ka tsaya: bakin rijiyar burtsatse ne, ko shagon mai caji.

Ka rubuta su da kwanan wata. Jiki magayi ne, amma mantuwa ta fi shi baki, takarda ce za ta nuna maka ko ana ci gaba.

## Mataki na uku: tafiya har a ɗan yi haki

Wannan shi ne tuwon, sauran duk miya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Minti 30 sau biyar a mako ke nan a mafi ƙaranci.

Yadda za ka gane matsakaici: kana iya amsa gaisuwa kana tafiya, har ka tambayi iyali, amma ba za ka iya jan doguwar aya da numfashi ɗaya ba. Idan kana tafe kana hira kana danna waya, yawo kake yi. Idan ko "lafiya lau" ba ta fita, ka wuce gona da iri.

Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10, kwana biyar a mako, tsawon mako biyu. Daga nan ya ƙara minti biyar duk mako har ya kai 30. Minti uku na farko a tafi a hankali, haka na ƙarshe. Lokacin da ya fi dacewa a ƙasarmu bayan sallar asuba ne, ko sakaliyar la'asar idan rana ta yi sanyi. Da hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ya yi tasa a cikin gida. Hanya mafi sauƙi ta ɗorewa ita ce a cusa tafiyar cikin abin da dama ake yi: a sauka daga adaidaita kafin a iso, a je cefane da ƙafa, a zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa, tunda ya inganta a hadisi cewa wanda ya fi nisan tattaki zuwa salla ya fi lada. Matar da ba ta cika fita ba, zagayen tsakar gida da sauri yana yi, shara da wanki da hannu da dakan yaji a turmi ma suna cikin lissafi muddin numfashi ya ɗaga. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci kuma tana rage hawan sugan jini, musamman bayan tuwon dare.

Kada lambar taku 10,000 da wayoyi ke nunawa ta karya maka gwiwa. Asalinta tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Binciken da aka yi a Amurka a 2019 kan mata tsofaffi kusan 17,000 ya nuna masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsira, kuma amfanin ya ci gaba da hawa har wajen 7,500 sannan ya daidaita.

Bayan mako shida, idan komai lafiya, sai a shigo da ainihin matsin. A tsakiyar tafiya ka ƙara sauri na minti ɗaya, har ya zama kalma biyu ko uku kawai kake iya furtawa, sannan ka koma a hankali minti biyu numfashi ya dawo. Ka yi haka sau uku. Sau biyu a mako ya isa, kuma duk mako biyu ka ƙara zagaye ɗaya har su kai shida. Matakalar bene tana yin wannan aiki, haka hawan tudu. Mutumin Kano yana da Dala da Goron Dutse, na Zariya yana da Kufena. A 2022 aka fitar da wani bincike kan mutum kusan 25,000 a Birtaniya waɗanda ba sa zuwa kowane irin atisaye. An ɗaura musu na'ura a hannu, sai aka ga masu yin irin wannan gajeren sauri na minti ɗaya ko biyu sau uku a rana, a cikin hidimarsu ta yau da kullum, mutuwa ta ragu a cikinsu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Bincike ne na bin diddigi, mai yiwuwa wasunsu dama sun fi lafiya, amma ya dace da abin da aka sani game da yadda zuciya ke amsa matsi.

## Mataki na huɗu: tsoka ta ɗauki nauyi

Daga shekara 30 mutum yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa duk shekara goma, bayan 60 kuma zubewar ta fi sauri. Tafiya kaɗai ba ta tsayar da wannan. Sai an ba tsoka nauyin da ya ɗan fi wanda ta saba.

A 1990 likita Maria Fiatarone ta ɗauki mutum goma a wani gidan tsofaffi a birnin Boston na Amurka, masu shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako. Cikin mako takwas, ƙarfin cinyar waɗanda suka kammala ya kusa ninkawa uku, saurin tafiyarsu ma ya ƙaru. 'Yan casa'in ke nan.

A nan nake ganin muna cutar da iyayenmu da sunan ladabi. Hajiya ta ɗauki tsintsiya, sai jika ya ruga ya karɓe: "Haba Hajiya, ki zauna ki huta." Baba ya tashi zai je kasuwa, sai a kira masa mai babur. Buta ma kawo musu ake yi har kan tabarma. Niyyar mai kyau ce, amma kwanciyar Dallas ce muke yi musu a hankali. Bayan shekara biyu sai a ce ƙafa ta ƙi, tsufa ne. A bar musu aikin da suke iyawa, a ɗauke musu mai haɗari kawai, kamar jan guga a bakin rijiya ko hawa kan kujera don ciro kaya.

Motsi biyar sun wadatar, ba sai an je gidan atisaye ba.

Tashi-zauna shi ne babba. Ka zauna a bakin kujera, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, dunduniya ta ɗan shigo ƙarƙashin gwiwa. Ka karkato ƙirji gaba kaɗan, ka danna ƙasa da dunduniya, ka miƙe kana fitar da numfashi. Wajen komawa ne aikin yake: ka tura ɗuwawu baya, ka sauka kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka taɓa kujerar a hankali ba tare da ka faɗa mata ba. Gwiwoyi su kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, kada su haɗe ciki. Wanda bai iya ba ya dafa cinya ko ya ɗora matashi a kujerar, wanda ya ga ya yi sauƙi ya rungumi galan mai ruwa.

Na biyu turin bango: tafin hannu a bango daidai ƙirji, ƙafafu baya taku ɗaya, ka kai ƙirji kusa da bango ka turo kanka. Idan ya yi sauƙi ka koma bakin tebur, daga baya ƙasa. Na uku ja: ka dafa kujera da hannu ɗaya, baya a miƙe, ka jawo bokiti mai ruwa zuwa ƙugu da ɗaya hannun. Na huɗu ɗauka da tafiya: jarka a kowane hannu, kafaɗu a baya, taku 20 zuwa 30. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kai ne mai awon nauyinka, ka fara da lita uku ko biyar a kowane hannu. Wannan yana ƙarfafa damƙa, kuma binciken da aka yi a ƙasashe 17 kan mutum kusan 140,000, wanda ya fito a 2015, ya nuna raunin damƙa yana tafiya da mutuwar wuri. Na biyar hawa dakali ko matakala ɗaya da sauka, ƙafa bayan ƙafa.

Kowane motsi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita. Kwana biyu a mako, da aƙalla kwana ɗaya a tsakani. Ma'aunin shi ne biyun ƙarshe su yi wuya amma su fita da kyau. Ranar da 12 ta zo da sauƙi, a ƙara lita ɗaya. Kada a riƙe numfashi ana yunƙuri, wannan yana harba hawan jini sama nan take.

Tsoka ba ta ginuwa da tuwo da shayi kawai. Wanda ya haura 65 yana buƙatar kusan giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, a kowane kilo na nauyinsa a rana, sai dai mai ciwon ƙoda, wanda likita ne zai yanka masa. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Wake, awara, ƙosai, alale, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono da busasshen kifi duk suna yi, kuma gara a raba su sau uku a rana da a tara su a kwano ɗaya.

## Mataki na biyar: tsayuwa da ƙafa ɗaya

Ga wanda ya kai 65, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako, domin faɗuwa da karayar ƙugu ce ke kwantar da tsofaffi da yawa kwanciyar da ba sa tashi. Lokacin asuwaki ya isa: hannu ɗaya kusa da bango, daƙiƙa 10 zuwa 30 a kowace ƙafa. Sai tafiya a kan layi, dunduniya na taɓa yatsun ɗaya ƙafar, taku goma. Zama a tabarma da tashi daga kai ma kada a bar shi muddin gwiwa na yarda.

## Mataki na shida: ɗan barin ciki ya huta

A 1935 Clive McCay na jami'ar Cornell da ke Amurka ya nuna ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran da suke buƙata ba, sun fi 'yan'uwansu tsawon rai. A kan birai sakamakon ya rabu: binciken jami'ar Wisconsin na 2009 ya ga amfani, na cibiyar nazarin tsufa ta gwamnatin Amurka a 2012 bai ga ƙarin kwana ba. A kan mutane, gwajin shekara biyu da aka yi a Amurka, inda mutane suka rage kusan kashi 12 cikin ɗari na abincinsu, ya nuna saukar hawan jini da kitsen jini da gyaruwar aikin insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake dangantawa da wannan ita ce yadda ƙwayar halitta, idan abinci ya yanke, take narkar da lalatattun kayan cikinta ta sake amfani da su. Bayanin wannan ne ya ba Yoshinori Ohsumi na Japan kyautar Nobel a 2016.

A aikace abin bai da yawa. Ka bar awa 12 tsakanin abincin dare da karin kumallo: an gama da ƙarfe takwas, sai takwas na safe, ruwa kawai a tsakani. Ka tashi daga kwano kafin ka ƙoshi, kamar yadda hadisi ya raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Mai azumin Litinin da Alhamis ya riga ya samu rabonsa, in dai bai rushe shi da buɗa-baki ba. Kunu mai sukari cokali huɗu, ƙosai, soyayyen dankali, lemon kwalba, sannan a kawo tuwo: wannan ya mayar da abin da aka rage har da riba. Dabino da ruwa, a yi salla, a ci abinci ɗaya na kirki.

Azumin kwana biyu ko uku a jere ba ci da ake tallatawa a intanet, ka bar shi. Shari'a ma ta hana haɗa azumi ba buɗa-baki. Matakin nan kuma bai shafi yara ba, da mai ciki, da mai shayarwa, da siririn tsoho wanda rama ta fi ƙiba yi masa barazana, da wanda tsadar abinci ta riga ta mayar da shi ci sau ɗaya a rana. Mai suga da ke azumi ya karya idan awon sugan jininsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dL.

## Mataki na bakwai: zafi da sanyi, da taka-tsantsan

Za ka ji ana yabon ɗakin gumi na mutanen Finlan, wato sauna. Akwai dalili. An bi maza 2,315 a yankin Kuopio kusan shekara 20, aka fitar a 2015 cewa masu shiga sau huɗu zuwa bakwai a mako mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu shiga sau ɗaya. Zafi yana sa ƙwayoyin halitta su fitar da wasu furotin masu gyara, abin da Ferruccio Ritossa na Italiya ya fara ganin alamarsa a jikin ƙananan ƙudaje a 1962. Amma ɗan Finlan yana shiga zafin 'yan mintoci ne, ya fito cikin sanyi ya sha ruwa. Mu a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 da rana, dare ma ba sauƙi, ga rashin wuta. Wannan zafi ne marar ƙarewa, ya karya sharaɗi na biyu. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, cikin azumi, kuma tsofaffi ne zafin ya fi kashewa a yankin.

Saboda haka ba ma neman ƙarin zafi. Abin yi shi ne sabo da shi. Jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya koyi yin gumi da wuri ya kuma ƙara ruwan jini. Da shigowar bazara ka rage tafiyarka rabi, ka mayar da ita sassafe, ka riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Ka duba fitsari: idan ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri, sai an miƙa masa. Masu sa leda ko rigar sanyi su yi gudu don su yi gumi, ruwa kawai suke zubarwa, ƙoda ce ke biya. Duk wanda ya fara sambatu ko amai ko tangaɗi a cikin zafi, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi asibiti da shi.

Sanyi kuwa hujjarsa ta fi rauni. A Holan an gwada mutum kusan 3,000 a 2016, masu ƙare wanka da ruwan sanyi na daƙiƙa 30 zuwa 90 sun rage fashin aiki saboda rashin lafiya da kashi 29 cikin ɗari, amma kwanakin da suka ji ba su da lafiya ba su ragu ba. Mai lafiya da ke so, ya ƙare wankansa da ruwan randa na daƙiƙa 30, ya fara daga ƙafafu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya gwada, ruwan sanyi na farat ɗaya yana matse jijiyoyin jini. Wanda ya tsallake wannan bai yi asarar komai ba.

## Mataki na takwas: hutu

Lokacin atisaye jiki raguwa yake yi. Ginin yana faruwa ne bayan an daina, galibi cikin barci. Baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Wanda ke tashi asuba kuma yana hira har sha biyun dare, lissafinsa bai cika ba, ko dai ya kwanta da wuri ko ya ƙara da ƙailula ta minti 20 zuwa 30.

Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon motsi ba komai ba ne, tafiya a hankali tana warware shi. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon da ke sa ɗingishi, wannan a dakata. Ciwon ƙirji da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, jiri, ko fitsari mai launin baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, asibiti ne a ranar. Idan bugun zuciyarka na asuba ya haura wanda ka rubuta da kusan 10, ko barci ya ƙi, ko ƙafafu sun yi nauyi kwana biyu a jere, ka huta ranar.

Kada a danne gajiya da ƙwaya. Diclofenac da ibuprofen a jikin da ruwa ya ƙare suna taɓa ƙoda, tramadol kuwa yana kashe ƙararrawar da ke cewa a tsaya, ban da jarabar da yake jawowa. Ƙwayoyin bitamin masu yawa ma ba dole ba ne. A 2009 Michael Ristow ya gwada samari a Jamus na mako huɗu: waɗanda aka ba bitamin C da E da yawa suna atisaye ba su samu gyaruwar aikin insulin da sauran suka samu ba, domin ƙwayoyin sun share ɗan matsin da ke tayar da jiki ya kare kansa. Zogale da alayyafo da lemo da gwanda sun wadatar.

## Mataki na tara: ƙari da komawa bayan fashi

Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko tsawon lokaci, ko sauri, ko nauyi, kuma ƙarin ya zama kaɗan-kaɗan. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, jijiyoyin gwiwa da agara kuwa sai watanni, shi ya sa mutum kan ji yana da sauran ƙarfi alhali gwiwa ta kusa kai ƙara. Duk mako shida ka maimaita awon nan huɗu ka kwatanta da takardarka.

Makon wanda ya kai wata uku zai iya zama haka: tafiyar minti 30 ranakun Asabar, Lahadi, Talata, Laraba da Alhamis, da gajeren sauri a cikin ta Lahadi da ta Laraba, ɗaukar nauyi Asabar da Talata, Litinin da Juma'a hutu.

Fashi zai zo. Mai zazzaɓi ba ya atisaye sam, sai zafin jiki ya sauka ya kuma samu kwana biyu yana cin abinci. Bayan zazzaɓin cizon sauro ko taifod, ko tafiyar da ta ɗauki sama da mako biyu, a koma da rabin inda aka tsaya, a hau cikin mako biyu. A watan Ramadan a ajiye gajeren saurin nan, a rage tafiya zuwa minti 15 ko 20 gab da magariba ko bayan tarawi, ɗaukar nauyi kuma a mayar da shi bayan buɗa-baki da awa biyu, sau ɗaya ko biyu a mako, da nauyin da aka saba ba tare da ƙari ba har bayan salla.